Ɓarawon da Injiniya Ya Kama

Ranar da Injiniya ya shigo da kwalin sabuwar rauta, na'urar nan mai raba intanet a gida ta waifai, rungume yake da shi a ƙirji, yana hawa matakalar bene a hankali kamar wanda aka ba riƙon jinjiri. Kada wani ya ruɗe, ba injiniya ba ne. Ma'aikacin ofishin ruwa ne, a sashen da ke bin unguwanni yana farautar masu jona bututu ta ɓarauniyar hanya, a tono, a datse. Matarsa, wadda yake kira Malama saboda koyarwa take yi, ita ta laƙaba masa sunan tun shekarar da ya kwance fankar ɗakinsu zai gyara, ya mayar, kusoshi suka yi saura, fanka kuma ba ta sake juyawa ba. Shi kuwa ya karɓi sunan hannu bibbiyu, har waiwayawa yake in an kira wani da shi a titi.

Dalilin sayen rautar dai ba abin dariya ba ne. Mahaifinsa, wanda duk mutanen benen ke kira Baba, yana zaune tare da su a ɗakin ƙurya, kuma idanunsa tafiya suke yi. Likita bai yi musu rufa-rufa ba. Ya ce jijiyar ce ke mutuwa, abin da ya tafi ba ya dawowa, wanda ya rage ma ba wanda zai ce ga iya lokacin da zai kai. Gefe da gefe duk ya rufe, saura ɗan tsakiya, kamar mai leƙe ta kafar makulli. Ana cikin wannan hali Auta, ƙanwar Injiniya da ke aure a wata ƙasa mai nisa, ta haifi 'ya mace. Takardun tafiyar jaririyar ba su fito ba, ba su kuma da ranar fitowa.

Kullum da rana tsaka Auta takan kira ta bidiyo a wata faffaɗar waya da ta taɓa aiko wa tsohon, wadda a gidan ake ce wa allon Baba. Ita kuwa tsohuwar rautar gidan ta gaji da duniya. Da Auta ta ɗago jaririyar sai hoton ya daskare, fuska ta farfashe ta koma dabbare-dabbare, murya ta riƙa zuwa guntu-guntu. Baba ya ji kukan jikarsa har ya haddace shi, amma bai taɓa ganin fuskarta ba.

"Ni ba wani abu nake nema ba," in ji shi wata rana, yana goge allon da gefen rigarsa kamar laifin ƙura ne. "In ga kamannin wa ta ɗebo, shi ke nan."

Wannan magana ta tsaya wa Injiniya a rai. Shi ya sa ya je ya zaɓo rautar da ta fi kowace tsayin eriya a shagon.

Ranar hutu da yamma ya baje kayan aiki a tsakiyar falo. Ya kwashe kwanaki yana kallon bidiyoyin masu koyar da saita rauta, saboda haka yanzu ba mai iya yi masa magana. Da ya ciro ta daga kwali ya miƙar da eriyoyinta huɗu, Malama ta dubi rautar, ta dubi kansa, ta sake duban rautar.

"Ikon Allah," ta ce. "Injiniya, 'yar uwarka ka samo ashe."

Ya gane sarai inda ta dosa. Allah ya hore masa kunnuwa fala-fala, masu tsayuwa da kansu a gefen kai, kuma tun yana firamare yake shan tsiya a kansu. Baba ma, da yana da ƙarfinsa, ba ya raga masa. Yakan ce in za a yi hoton iyali sai mai hoto ya ƙara ja da baya. Injiniya ya ci gaba da aikinsa. Mai babban aiki a gabansa ba ya biye wa 'yan kallo.

A faɗi gaskiya, ya yi aikin da kyau, abin da ya fi ba shi haushi daga baya ke nan. Bai tura rautar bayan talabijin ba kamar yadda aka yi wa tsohuwar. Ya kafa mata ɗan katako a saman bangon lungun da ke tsakanin ɗakuna, nesa da firiji, daidai inda za ta hango ƙofar Baba. Ya shiga shafinta ta waya ya sabunta manhajar cikinta. Ya canza kalmar sirrin da ta zo da ita daga kamfani, ya sa wata doguwa mai haɗe da manyan baƙaƙe da ƙanana da lambobi da alamomin da shi kansa bai san sunansu ba, ya ƙi rubuta ta a ko'ina, wai rubutacciyar kalmar sirri ba sirri ba ce. Ya duba layukan da rautocin maƙwabta suka cunkushe a kai, ya matsar da tasa zuwa inda ba cinkoso. Duk yana yi yana bayani, ko da yake ba wanda ya tambaye shi.

"Kin ga, abin nan ruwa ne. Bututu biyu gare ta. Ɗaya mai ƙarfi ne amma ba ya son bango, ɗaya kuma a hankali yake tafiya amma yana kaiwa ƙurya. Matsalar mutane ba su san ruwa ba."

"To," in ji Malama, tana ci gaba da duba littattafan ɗalibanta.

Da aka zo raɗa wa waifai ɗin suna, nan halin ma'aikacin ruwa ya motsa. Ya rubuta: Sayi Naka. Ya yi dariya shi kaɗai har da buga cinya. Daga nan ya bi kayan gidan yana jona su, duk abin da ya ci karo da shi mai iya kama waifai sai da ya sa masa kalmar sirri, har da abin da ba a tambaye shi ba. Ya shiga ɗakin Baba ya jona allon, ya kunna wani bidiyon kifaye a cikin teku don gwaji. Kifaye suka yi ta iyo sumul, ba tsayawa, ba farfashewa. Suka kira Auta ba ta ɗaga ba, don lokacin kiranta ya riga ya wuce.

"Gobe in Allah ya kai mu, Baba, har gashin idonta sai ka ƙirga."

"Allah ya yi maka albarka," in ji Baba.

Washegari da safe, yana kurɓar shayi kafin ya fita, ya buɗe shafin rautar don ya more kallon aikinsa. Ya shiga wurin da ake ganin duk abin da ke jone. Ga wayarsa, ga ta Malama, ga talabijin, ga kwamfutarsa, kowanne da sunansa. A ƙasansu kuma akwai guda biyu marasa suna, baƙaƙe da lambobi ne kawai a jere. Ya ajiye kofi. A lissafinsa abu ɗaya ne ya rage, allon Baba. To na biyun fa?

Ya ƙura musu ido. Ɗaya na zaune lafiya lau, ba ya jan komai. Ɗayan kuwa zuƙar data yake yi ba ji ba gani, kamar an buɗe famfo an tafi kasuwa. Injiniya ya ɗaga kai ya dubi Baba. Ga shi nan a kujera yana tsoma burodi a shayi, hannunsa ba allo. Ya leƙa ɗakin ƙurya, ga allon can a kan gado, a rufe, fuskarsa baƙa ƙirin. Abin da ke kwance a rufe ai ba zai sha data ba. Bai zo masa a rai ba cewa allon da ya daɗe yana fama da yunwa a hannun tsohuwar rauta zai iya samun wadata ya kama sabunta kansa a ɓoye. Abin da ya zo masa shi ne abin da yake gani kullum a wurin aiki: mita na gudu, famfunan gida a rufe, to wani ne ya jona.

Wani irin daɗi ya ratsa shi, irin wanda yake ji in ya sa shebur ya ji ta daki bututun sata. Ko kwana ɗaya ba a yi ba har an yi masa kutse! Yadda aka yi ɓarawon ya samu doguwar kalmar sirrin nan bai tsaya tambayar kansa ba, don ya ga bidiyon da aka ce akwai masu iya fasa kowace iri. Ya danna mai zuƙar nan ya toshe shi, toshewa ta har abada. Sannan ya koma kan salihin, ya rubuta masa suna Baba, ya shiga wurin da ake ba wani fifiko a kan saura, ya ɗora shi a saman kowa. Ko gidan duka zai rasa waifai, Baba ba zai rasa ba.

"Malama, mun yi baƙo," ya ce yana ɗaure takalmi. "Amma na sallame shi."

"Wane baƙo kuma da sassafe?"

"Bar shi kawai. Ya haɗu da gamonsa."

Da yamma ko jaka bai ajiye ba ya wuce ɗakin ƙurya.

"Baba, yaya kiran yau?"

Baba na zaune a bakin gado, ya juyo da fuskarsa gaba ɗaya wajen muryar, kamar yadda ya koma yi tun da gefen ganinsa ya rufe.

"Garau," ya ce. "Allah ya yi albarka."

"Ka gan ta? Wa ta ɗebo?"

"Jarirai ai duk kamarsu ɗaya. Sai ta ƙara kwana biyu."

Injiniya ya fito yana tafiya kamar bene nasa ne. Ya duba shafin rauta, ga Baba nan a jone, bai yanke ba ko sau ɗaya tun safe. Ya tura wa Auta saƙo: Kin ga aikin yayanki? Ta maido masa da hoton babban yatsa, ba ta ƙara ko kalma ba. Ya ce a ransa mai jego ce, ba ta da lokacin yabo.

Haka aka yi ta yi. Kullum ya dawo ya tambaya, kullum Baba ya ce garau. A ofis kuwa abokan aiki sun sha labarin rauta har ya gundure su. Wanda ya yi kuskuren cewa waifai ɗin gidansa na yankewa, sai ya tsinci kansa a zaune ana zana masa bututu biyu a bayan takarda.

Abu ɗaya ne ya hana shi sakat. Ɓarawon bai haƙura ba. Rautar na ajiye bayanin duk wanda ya ƙwanƙwasa aka hana shi, kuma ga shi nan, yana ta ƙwanƙwasawa, musamman da rana tsaka, a kai a kai, ba kunya ba tsoron Allah. Rana tsaka kuwa lokacin kiran Baba ne. Wato da bai toshe shi ba, da wannan maras imanin ya riƙa shanye rabon tsoho makaho yana kallon ƙwallo.

Bai sha wahalar neman wanda zai zarga ba. A ƙasan benen, daidai ƙarƙashin falonsu, akwai shagon Tela. Mutum ne mai fara'a, kullum tsinken allura a baki, awo a wuya, kuma fara'ar ce ma ta sa Injiniya bai taɓa yarda da shi ba. A sana'arsa ya lura duk wanda ya tare su da dariya, in aka tona bayan gidansa sai an samu wani abu. Ga shi kuma tun washegarin kafa rauta Tela ya tare shi a ƙofa yana washe baki.

"Oga, na ga wani sabon suna ya fito a wayata. Sayi Naka! Na ce wannan ba mai yin sa sai Oga."

A lokacin dariya Injiniya ya yi. Yanzu da ya auna maganar, ya ga ai mai laifi ne ya kawo kansa.

Sai ya shirya kamu irin na wurin aiki. Ba a yi wa ɓarawon ruwa sallama daga nesa, a kan bututu ake riskarsa. Da rana ta take ya ce wa shugabansa zai je duba wani layi, ya hau babur ɗin ofis ya nufo gida, bai ko cire rigar aiki mai ƙyalli ba, don ta ƙara masa kwarjini. Ya ajiye babur a bayan kwana, ya lallaɓo ta jikin bango har wayarsa ta kama waifai ɗin gidan. Ya buɗe shafi. Ga shi! Yanzu-yanzu ya ƙwanƙwasa. A hanya ya riga ya tsara jawabinsa, mai farawa da haƙƙin maƙwabtaka, ya bi ta kan amana, ya ƙare da idon Baba. Har ya tanadi inda zai yi shiru don maganar ta shiga.

Ya ɗaga labulen shago ya faɗa ciki.

"Tela, ajiye almakashin nan, magana za mu yi."

Tela ya ɗago daga kan keke, ya zare allura daga baki. Maimakon ya tsorata, sai ya sa yatsa a leɓe, ya nuna bayan shagon da haɓa.

"A hankali, Oga. Yana kan waya."

A can ƙurya, bayan rigunan da aka rataye suna jiran masu su, akwai ɗan benci. A kan bencin, tsakanin tarin ƙyallaye, Baba ne zaune, sandarsa jingine da gwiwa, ya kai allonsa dab da hanci. Wayar Tela na ajiye a cinyarsa. Daga cikin allon muryar Auta na fitowa a yayyanke, tana cewa, "Baba, ka gan... na ɗago ta... ka ga..." A fuskar allon kuwa ba komai sai wani dunƙule mai ruwan ƙasa da ya daskare.

"Ina ji dai, Auta," in ji Baba. "Ina jin ta."

Jawabin Injiniya ya bi iska, har da wurin yin shirun.

"Baba? Me kake yi a nan?"

Tsohon ya zabura, ya juyo da fuska yana laluben inda muryar take. Da ya gane mai ita sai ya yi ƙoƙarin tura allon ƙarƙashin wani yadi, kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya. Wannan ɓoyon ya fi komai yi wa Injiniya ciwo.

Tela ne ya yi bayani, yana sosa ƙeya. "Tun ranar da aka koma aiki yake saukowa, Oga. Ya ce allon ya ƙi kama na sama. Ni kuma na ce ga na wayata, a jona, ko da yake ka san sabis ɗin cikin shagon nan, sai a hankali. Muryar dai tana zuwa. Na so in gaya maka, ya ce in na faɗa ba shi ba ni."

"Shi kaɗai yake saukowa? Ta matakalar nan?"

"Ranar farko shi kaɗai. Ya ɗan zame a ta ƙarshe, ya goge ƙauri. Tun daga nan in lokaci ya yi nake hawa in riƙo shi."

Injiniya ya durƙusa a gaban bencin, rigar ƙyalli da komai. "Baba, kullum ina tambayarka. Kullum kana ce min garau."

Baba ya murza kan sandarsa. Da ya buɗe baki, a hankali ya yi magana.

"Ni na ɓata shi. Ka haɗa abinka lafiya lau, da idona na ga kifi. Washegari na zo ɗauka, ban san me na taɓa ba. Ka san yatsun nan yanzu gaba suke yi, ido na biye. Wani rubutu yana fitowa, na kasa karantawa. To ka sha wahala, ka yi murna, ina jinka kana ba Malama labari. In zo in ce maka tsohon banza ya lalata? Na ce wa Auta ma ta rufa min asiri, in na gano abin da na danna sai in mayar."

Injiniya ya miƙa hannu. Ya karɓi allon, ya ce wa Auta ta riƙe layi, ya shiga cikin saitinsa ya nemo lambar da waifai ke gane shi da ita. Ya ɗora wayarsa a gefe, ya bi baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya yana fatan ko guda ya saɓa. Ko guda bai saɓa ba. Ɓarawon da ya toshe toshewa ta har abada, wanda ya hana shi barci, wanda ya sato babur ɗin ofis don ya kama, ga shi nan zaune a kan benci da gogaggen ƙauri yana ba shi haƙuri.

"Ba kai ka ɓata ba, Baba," in ji Injiniya. "Ni ne. Ni na datse ka."

"Ka datse ni? Kamar yaya?"

"Kamar yadda nake datse mutane a wurin aiki. Na ɗauka ɓarawo ne."

Tela ya juya baya ya kama gyara wata riga da ba abin da ya same ta, kafaɗunsa na rawa. Can ya kasa daurewa. "Oga, to maganar da ka ce za mu yi fa?"

"Tela, don girman Allah ka yafe min, kada kuma ka tambaye ni laifin me."

Daga cikin allo muryar Auta ta ratso. "Yaya? Kai ne? Ta fara lumshe ido fa, in ta yi barci sai gobe."

"Kar ki bari! Yi mata wasa, ki hura mata iska, ki yi duk abin da za ki yi. Ga mu nan."

Suka kamo Baba, Injiniya a dama Tela a hagu. Injiniya yana hawa matakalar nan kullum bai taɓa kallonta ba sai yau. Ba ƙarfen riƙewa, kwan fitilar ya daɗe da mutuwa, kuma Baba sai ya laluba kowace da ƙafa kafin ya ɗora nauyinsa. Kunya ta ishe shi har ya rasa inda zai sa ido.

Suka zaunar da Baba a bakin gadonsa, kusa da taga inda haske yake. Injiniya ya ciro waya zai cire toshiyar, sai ya tarar shafin ya kore shi, domin shi da kansa ya saita cewa in an ɗan jima ba a taɓa ba ya rufe, saboda tsaro. Sai an sake sa doguwar kalmar nan. Ya rubuta, aka ce ba ita ba ce. Ya sake, aka ce ba ita ba ce. Rautar ta gargaɗe shi cewa in ya ƙara kuskure za ta kulle shi na wani lokaci, wannan ma shi ya kunna mata. Ya tsaya ya share gumi, ya yi ta maimaita kalmar a baki kamar ɗalibi a gaban allo, ya tuno ashe alamar nan mai kama da ƙugiya kafin lamba take zuwa. Shafi ya buɗe.

Ya cire allon daga cikin toshaffu. Sannan ya dubi wanda ke saman kowa, mai suna Baba, wanda bai taɓa yankewa ba. Wani tunani ya zo masa. Ya leƙa falo, ya ɗaga mayafin teburin da ke lungu. Ga tsohuwar firintarsa nan a ƙasa, wadda tawadarta ta bushe tun bara, 'yar fitilarta kore na ƙiftawa cikin natsuwa. Shi ya jona ta da hannunsa ranar hutu, cikin zumuɗi. Duk kwanakin nan ita ke zaune a kujerar Baba, ana ba ta fifiko a kan kowa, ba ta buga ko takarda ɗaya ba. Ya fizge wayarta daga bango da ƙarfin da bai kamata ba.

Da ya koma ɗaki allon ya kama. Ya sake kiran Auta, ya miƙa wa Baba, ya gyara masa riƙon. Hoton ya fito tas, har zaren hular jaririyar ana gani. Idanunta biyu a buɗe, tana tsotsar hannu.

Baba ya matso da allon, ya ɗan ja shi baya, ya karkata kai yana neman inda ɗan sauran ganinsa zai faɗa a kai. Tela na tsaye a bakin ƙofa da awo a wuya. Injiniya kuwa tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske. In Baba ya ce garau, ba zai taɓa sanin ko ya gani ba, ko kuwa kwanakin da aka ɓata sun tafi da abin da ya rage.

Baba bai ce garau ba. Ya daɗe yana kallo, leɓensa na motsi.

"Auta," ya ce, "cire mata hular nan. Juyo min da ita gefe."

Auta ta zare hular, ta juya kan jaririyar a hankali.

"Ɗaya gefen."

Ta juya.

Baba ya sauke allon a cinya, ya girgiza kai cikin jimami, hawaye na bin kumatunsa, bakinsa kuma na rawa da dariya.

"Wayyo, baiwar Allah," ya ce. "Duk dangin nan ta rasa wanda za ta ɗebo sai kawunta. Auta, kunnuwan yayanki ne, ba abin da ta bari."

Auta ta ƙyalƙyale daga can, Tela ya riƙe ƙofa don kada ya faɗi. Injiniya ya leƙa allon ta kafaɗar Baba. Ga su nan kuwa, ƙanana, a tsaye da kansu a gefen kai. Ya kai hannu ya shafa nasa, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafar tsohon, ya bar hawayen suka zubo.

"Ƙara faɗa, Baba," ya ce. "Yaya suke?"

"Fala-fala," in ji Baba, ya sake ɗaga allon zuwa fuskarsa. "Matsa, kana tare min haske."